Fuskar Sharu a Takardar Taswira

Asabar, 3 ga Oktoba 1992, ƙarfe tara na safe

Ina zaune a rumfar Sharu baduku, layin masu ɗinkin takalmin markub, cikin kasuwar Gadarif. Shekara ashirin da uku, duk irin wannan lokacin ina gaban allo ina zana wa ɗalibai Kogin Nilu. Yau a kan naɗaɗɗiyar fatar akuya nake. Littafin nan ma na shirin darasi ne, na juyo shi ta baya tunda gabansa ya tashi daga aiki.

Takardar sallamata daga aiki tana aljihuna tun Alhamis. Layi huɗu ce. Akwai kuskuren nahawu a layi na uku, amma ban ga wanda zan nuna wa ba.

Na fito gida bakwai saura kwata kamar kullum, da jakata. Matata Huseina ta ce in taho da albasa.

Sharu bai tambaye ni komai ba. Tare muka tashi a unguwa ɗaya, ya girme ni da shekara goma. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce, "Ustaz Kassim, matso ciki, nan rana za ta same ka."

Asabar, bayan la'asar

Huseina, wadda ke kirana da sunan 'yarmu Ilham, ta ce, "Abu Ilham, ya makaranta?" Na ce lafiya lau. Ba ƙarya na yi ba, ta bayanta na biyo, tana nan lafiya.

Na manta albasar.

Litinin, 5 ga Oktoba, da hantsi

Na zazzage jakar don in sami abin yi. Fensir goma sha biyu, magogi ɗaya, farar takardar taswira dami guda. Abin da na kwaso daga teburina ke nan ran Alhamis, ina sauri.

Sharu ya ce, "Kai da kake zana duniya gaba ɗaya a allo, ba ka zana ni? Hotona ɗaya ne tak, na fasfon hajji, shi ma na rufe ido."

Na ce ban taɓa zana mutum ba.

Ya ce, "Na fi Habasha wuya ne?"

Gaskiya ina zana Habasha ba tare da na ɗaga alli ba. Sai na feƙe fensir. Ya ci gaba da ɗinkinsa, goro a kunci, ni kuma na duƙufa. Sa'a biyu ban tuna da aljihuna ba. Goshin ne ya ba ni wahala, na goge shi har sau shida, wurin ya yi baƙi. Haƙoran kuwa na zana su ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko ɗaya ba.

Na miƙa masa. Ya goge hannu a jallabiya, ya riƙe takardar nesa, ya kawo ta kusa, ya juya ta.

Ya ce, "Masha Allah. Wane ne?"

Talata, 6 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

Sharu ya kafa zanen da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa. Ya ce aikin malami ba ya zama a ƙasa.

Adda Jummare mai shayi, wadda murhunta ke bakin layin, ta kawo mana kofi biyu. Ta tsaya da tire a hannu tana kallo.

"Ustaz, wannan bawan Allah ciwon haƙori yake?"

Na ce goro ne.

"Hancin fa, ina ya nufa, garin Kasala?"

Na yi mata bayani cewa haske ta hagu yake shigowa. Ta ce to haske bai kyauta masa ba.

Bayanta sai ga Ɗanlami mai turare. Shekara uku da suka wuce kaset ɗin waƙa yake sayarwa, yanzu gemu har ƙirji. Ya ce a sauke wannan abu, zanen mai rai haramun ne, ranar ƙiyama za a ce in hura masa rai.

Sharu ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Ya Ɗanlami, abin da aka hana shi ne kamanta halittar Allah. Dubi takardar nan da kyau. Da wace halitta ta yi kama?"

Ɗanlami ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya koma rumfarsa.

Layin duka ya yi dariya, ni ma na yi. Amma kunnen dama ya fito daidai, kuma babu wanda ya ambace shi.

Alhamis, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Ustaz Hamid ya wuce ta kasuwa. Shekara tara muna tebur ɗaya a ɗakin malamai. Ban taɓa ganin mutum ya ƙura wa tumatir ido haka ba.

Magana ɗaya na yi a ɗakin nan, ita ta jawo mini takardar, mutum biyar ke wurin. Ba zan rubuta ta ba. Ina ta jan sunayen biyar ɗin kamar carbi.

A gida kuwa: ya makaranta? Lafiya lau.

Lahadi, 11 ga Oktoba, ƙarfe goma

Yau abu ya faru.

Adda Jummare ta zo kwashe kofuna, ta sake ɗaga kai. Sai ta ajiye tiren a ƙasa, ta rufe baki da gefen mayafinta na tob, kafaɗunta suna rawa.

Da ƙyar ta ce, "Na gane shi. Wallahi na gane shi. Alhaji Nasir ne!"

Alhaji Nasir shi ne shugaban lajna, wato kwamitin unguwarmu. A hannunsa katin sukari na kowane gida yake, kuma shi ke rubuta wanda ya zo taro da wanda bai zo ba.

Na ce Sharu ne. Ta ce in duba ƙananan idanun nan da suka hau can sama kusa da hula. In duba baƙin goshin, tabon sujadar da ya fito wa Alhaji a wata ɗaya bayan an ba shi kujera. Kuncin da ya kumbura kuwa, ta ce, "Wannan ba goro ba ne, Ustaz. Sukarinmu ne."

Na duba. Astagfirullah. Shi ne.

Na ce wa Sharu ya sauke. Ya ce hotonsa ne, kyauta aka ba shi, ba mai taɓa masa. Ban nace ba. Tunda littafin nan nawa ne ni kaɗai, bari in faɗi gaskiya: na ji daɗi. Karon farko ke nan da aka ce zanen ya yi kama da ɗan Adam.

Talata, 13 ga Oktoba, da azahar

Rumfar Sharu ta zama wurin ziyara. Direbobin da ke ɗauko riɗi daga Simsim suna ajiye mota su zo. Leburori masu jiran motar Fashaga suna shigowa da laujensu a kafaɗa, ba su ma san Alhaji Nasir ba, amma kowa ya ce akwai irinsa a garinsu. Sharu ya sayar da markub biyar kafin azahar.

Kowa da shawararsa. Wani ya ce in ƙara wuya. Wani ya ce haƙoran sun yi yawa, ya ƙirga arba'in da ɗaya. Wani tsoho daga Basunda ya ce idon hagu yana bin sa duk inda ya matsa, ya tofa addu'a ya fita.

Da muka dawo daga masallaci, mun tarar wani ya rubuta kalma ɗaya da biro a ƙasan haɓar: sukari. Rubutun ba nawa ba ne. Nawa ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba.

Laraba, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Huseina na tuƙa tuwon asida tana dariya ita kaɗai. Na tambaya. Ta ce matan unguwa sun ce wani ya zana Alhaji Nasir a kasuwa da sukari cike da baki.

Ta ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka. Ko wane ne, namiji ne."

Na ci asida malmala biyu.

Asabar, 17 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu

Mutum biyu sun zo a farar mota. Sun cire zanen, har ƙusar suka tafi da ita. Sun san sunana har na kakana. Sun ce gobe ƙarfe takwas in je gidan jami'an tsaron nan mai shuɗiyar ƙofa da ke bayan tasha.

Layin masu markub bai taɓa yin shiru haka ba. Ɗanlami yana ta jera kwalaben da ya riga ya jera.

Lahadi, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Benci ne dogo a wani soro mara taga. Daga takwas har uku. Babu wanda ya kira ni. Aka ce in dawo gobe.

Akwai wata ƙofa a ƙarshen soron. Ba zan yi maganarta ba.

Litinin, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Bencin dai. In dawo gobe.

Wani abu ɗaya: yanzu ina da inda ake jirana ƙarfe takwas. Huseina ta ce kwana biyun nan na koma fita da kuzari kamar da.

Talata, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

An shigar da ni. Jami'in ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, siriri, farcensa a yanke tsaf. Zanen yana kan teburinsa, an danne shi da kofin shayi. Da Larabci muka yi magana.

Ya ce, "Zauna, ya Ustaz." Ya buɗe wani fayil, ya karanta, ya gyara. "Zauna, ya Kassim."

Ya tambayi wa na zana. Na ce Sharu baduku. Ya tambayi wa ya sa ni. Na ce Sharu baduku. Ya tambayi me kumburin kuncin yake nufi. Na ce goro. Ya rubuta "goro", ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ya ce mutumin da aka sallama daga aiki, ya koma kasuwa yana zana shugabannin jama'a yana tara taro, me zan kira shi in ni ne a kujerarsa? Na ce ni dai kunnen dama kawai na san na samu daidai. Bai yi dariya ba.

Jibi in zo da Sharu.

Alhamis, 22 ga Oktoba, da yamma

Sharu ya sa farar jallabiyar Juma'a, ya naɗa rawani, ya zo da goro a kunci don shaida. Tun a hanya nake roƙonsa ya taƙaita magana.

Jami'in ya tsayar da shi jikin bango, ya ɗaga zanen kusa da fuskarsa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

Sharu ya ce, "Janabu, ranka ya daɗe, ni ne. A gabana aka yi shi."

Jami'in ya ce, "Wannan ba kai ba ne, ya Hajj."

Sharu ya ce, "Wallahi ni ma haka na gaya masa tun ranar farko."

In ba Sharu ba ne, to Alhaji Nasir ne. In kuwa Alhaji Nasir ne, akwai ƙofar nan.

An sallami Sharu. Ni Asabar, in zo da fensirina.

A hanya ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Ustaz. Rantsuwa ce a bakina, ba zan ce na yi kama da abin nan ba." Ya raka ni har kwanar gidanmu, abin da bai taɓa yi ba. Bai saki hannuna da wuri ba.

Juma'a, 23 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Na gyara ƙofar kicin da Huseina ta yi wata uku tana magana. Na nuna mata inda takardun gida suke. Ta ce, "Tafiya za ka yi?" Na ce tsari ne kawai.

Asabar, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan dalla-dalla.

Jami'in ya rufe ƙofa, ya juya kujerarsa wajen taga, ya ce, "Zana ni."

Na karya bakin fensir biyu kafin in fara. Na ce a raina, ya Kassim, yau ka zana mutumin nan kamar ranka ya dogara a kai, don kuwa ya dogara. Na lura da siririn hancinsa, na lura ba shi da kunci ko kaɗan. Minti arba'in. Na miƙa.

Ya duba. Ya fita da takardar. Can cikin baranda na ji wani ya fashe da dariya, wani ya ce masa shhh.

Ya dawo da mai gadin ƙofa, wani dogo baƙi mara gemu, wuya kamar na raƙumi. Ya ce, "Zana wannan."

Na zana.

Ya jera takardun uku a tebur, na Sharu, nasa, da na mai gadi. Ya ce in zo in duba da kaina.

Alhaji Nasir da hula. Alhaji Nasir da kakin soja. Alhaji Nasir ya yi aski.

Mai gadin ya leƙa nasa, ya ce, "Janabu, ni ne wannan?" Aka ce ya koma bakin aikinsa.

Jami'in ya zauna, ya dafe goshi. Ya ce, "Ya Kassim, fuska ɗaya ce a hannunka. Ko uwarka ka zana, mutumin nan zai fito."

Na ce Allah ya jiƙanta, gara da ba ta gani ba.

Sai ya ɗauki fensirina. Ya zana ƙwai, ya raba shi biyu da layi a tsakiya. Ya ce, "Ido a nan yake, tsakiyar kai. Kai kuma ka kai shi rufin ɗaki." Na ce ba zai yiwu ba. Ya taso ya miƙo hannu wajen fuskata don ya auna. Na runtse ido, na sunkuyar da kai. Ya tsaya. Ya ce a hankali, "Fensir ne kawai." Ya auna daga haɓata zuwa ido, daga ido zuwa tsakar ka. Daidai suke. Shekara hamsin da ɗaya ina yawo da kan nan ban sani ba.

Ya ce in daina zana haƙora ɗaya-ɗaya, ba shingen gona ba ne. Ya ce in daina goge wuri ɗaya har ya ƙone. Ya ce, "Ka saba da taswira, komai sai ka ja masa iyaka. Babu iyaka tsakanin hanci da kunci, inuwa ce kawai. Kuma kana zana abin da ka haddace. Ka dubi mutumin da ke gabanka."

Yana magana hannunsa na tafiya. Kafin ya gama, ya juyo mini takardar. Ni ne. Wani tsoho mai furfura a gefen kai, ya ƙanƙame jaka a ƙirji kamar za a ƙwace. Ban san haka nake riƙe ta ba.

Ya ce, "Na yi shekara biyu a Hartum ina koyon wannan." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Ya yayyaga takardar ƙanana-ƙanana ya zuba a aljihunsa, ba a kwandon shara ba.

Sannan ya karanto mini abin da ya rubuta a fayil: "An bincika. Mai zanen ba shi da mugun nufi, kuma ba shi da hannu." Ya turo wata takarda in sa hannu cewa ba zan sake zana Alhaji Nasir ba.

Na ce, "Janabu, ai ban san yadda zan daina ba."

Ya dubi bango na ɗan lokaci, laɓɓansa a matse. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Tafi gida. Ka fara da ƙwai."

Lahadi, 25 ga Oktoba, ƙarfe tara

Sharu ya raba wa layin duka shayi don godiya ga Allah. Ɗanlami ma ya zo ya shafa mini turare a hannun riga.

Na san ya kamata in yi farin ciki, kuma ina yi. Amma "ba shi da hannu". A fayil na hukuma, da hatimi. Waccan takardar mai layi huɗu ko dalili ba ta bayar ba, wannan kuwa ta bayar, har da hujja uku.

Talata, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ƙwai goma sha tara tun jiya. Na kuma zana butar Adda Jummare, da inuwa, ba iyaka. Ta ce ta yi kyau ƙwarai, sai dai ta wajen murfin akwai ɗan Alhaji kaɗan.

Wani manomi ya zo a ɗinka masa markub, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Sharu ya ce ya taka takardata, ni kuma in bi gefen ƙafar da fensir. Na bi, ban ɗaga hannu ba, har lanƙwasar ɗan yatsan. Sharu ya ɗora a fata ya yanka. Ya daɗe yana juya takardar.

Ya ce, "Ustaz, wannan ita ce ƙafar mutumin nan sak. Idona ya fara gajiya da wannan aikin. In kana so, wurin zaman nan naka ne, ba aro ba."

Na ce zan yi tunani. Na yi ƙafa huɗu kafin azahar.

Laraba, 28 ga Oktoba, bayan magariba

Huseina ta je karɓar sukari, ta dawo hannu wofi. Alhaji Nasir da kansa ya ce mata katin gidanmu yana hutawa, ta je ta tambayi mijinta mai fensir.

Ta tsaya a kaina. "Abu Ilham, kai ne?"

Na ce tsautsayi ne, Sharu na nufa.

Ta zauna a bakin gado ta yi dariya har da hawaye. Ta ce sukarin ya tafi lafiya, za ta sha shayi ba sukari shekara guda a kan wannan. Can ta share ido ta ce, "To yaushe ka sami lokacin zuwa kasuwa?"

Na ce lokacin hutun karin kumallo.

Ta ce Juma'a ita zan zana. Shekara ashirin da shida da aure, ina da irin wannan hannu ban taɓa gaya mata ba.

Ya Allah, kada ta fito da gemu.

Juma'a, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta sa tob ɗin da ta sa a bikin 'yarmu Ilham. Ta zauna a kujera ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ta ɗora hannu a cinya. Na yi ƙwai, na raba shi biyu. Na auna da fensir, ido ɗaya a rufe. Ta ce kamar mai sayen akuya.

Na dube ta. Wato na dube ta sosai, yadda jami'in nan ya ce. Akwai wani ɗan tabo a gefen girarta da ban san da shi ba. Na tambaya, ta ce tun shekarar da aka haifi Ilham, murfin tukunya ne.

Na gama idon dama. Ya fito da murmushinsa, a tsakiyar kai inda Allah ya sa shi.

Sai na ce, "Yanzu baki zan yi. Kada ki motsa, kada ki yi magana, ko me kika ji, sai na ce na gama."

Ta ce to, ta rufe baki.

Na gaya mata. Idona a kan takarda na fara, da layi huɗun nan. Na gaya mata rabona da aji tun ɗaya ga wata. Na gaya mata fatar akuya, da Ustaz Hamid da tumatirinsa, da bencin, da dalilin da ya sa na gyara ƙofar kicin. Na gaya mata maganar da na yi a ɗakin malamai. Na gaya mata albashi ba zai zo gobe ba, kuma yanzu ƙafafun manoma nake zanawa.

Ba ta motsa ba. Huseina in ta ce to, to ne. Na ja bakin nan na ja, na yi masa inuwa, na sake yi masa inuwa, ban taɓa ganin bakin da ya ci lokaci haka ba. Da ya ƙare na rasa mafaka, sai na wuce idon hagu. Dole na ɗaga kai na dube shi. Na zana abin da na gani.

Na ce na gama.

Ta ce, "Sharu ya sani?"

Na ce e.

"Jummare mai shayi?"

E.

"Ɗanlami?"

Na ce shi a bakin mutane ya ji.

"Direbobin Simsim?"

Na mayar da idona kan takarda.

Ta ce, "Wato duk Gadarif, saura ni da jakin mai ruwa. Sau biyar ka shiga gidan nan mai shuɗiyar ƙofa, ni ina nan ina cewa ka yi kuzari. Da ba ka fito ba fa? Wace ƙofa zan buga? Makaranta zan je in ce ku ba ni mijina?"



Ta miƙo hannu, na ba ta takardar. Ta daɗe tana kallo. Hancin ya ɗan karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Amma babu Alhaji Nasir ko ta ina.

Ta ce, "Ni ce." Ta kawo takardar kusa. "Me ya sa idanun ba iri ɗaya ba ne? Wannan yana dariya, wannan kamar zai ci mutum."

Na ce na dama kafin in faɗa ne, na hagu bayan na faɗa.

Ta shiga ɗaki ta soke shi da allura a bango, daidai inda nake zama in ci abinci. Ta ce na dama nata ne. Na hagu nawa ne, in zauna da shi har sai ta ga dama.

Asabar, 31 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Shayi ba sukari, ba magana. Amma ta kawo nata kofin ta zauna kusa da ni, ta ɓangaren idon dama.